Ambulan ɗin da Surukina Ya Liƙe

Zafi ne ya fara yi mini sannu da zuwa a Khartoum, tun kafin mutum ya yi. Wannan a shekarun da garin yake zaune lafiya ne, kafin yaƙi ya watsa mutanensa. Ni da nake taƙamar na sha ranar bazara a gonarmu ta Lausu, ina saukowa daga jirgi na gane ashe wasa muke yi a gida. Jaka ɗaya ce a kafaɗata, amma abin da nake ji da shi ba a cikinta yake ba. Yana ƙarƙashin rigata, na ɗaure shi da rawani a ciki: ambulan ruwan ƙasa, an liƙe bakinsa da gam, an bi shi da salatif ta ko'ina.

Sunana Nafi'u, malamin allo ne ni a Rano. Wata jami'a ce ta ba ni gurbin karatun ƙira'a na shekara huɗu, kyauta, har da wurin kwana. Gurbin yana da iyakar shekaru, kuma wannan shekarar ce ta ƙarshe da zan iya shiga. In ta wuce ni, ta wuce ke nan. Sharaɗi na biyu shi ne shahadata, wato takardar shaidar gama sakandaren Arabiyya, ta zo da hatimi uku a bayanta, duk na Abuja: na ma'aikatar ilimi, na ma'aikatar harkokin waje, da na ofishin jakadancinsu. Ɗalibai suna kiran wannan aiki tausiƙi. Ba tare da shi ba, takardarka da ta ƙunshin ƙosai duk ɗaya ne a wurinsu.

Ban je Abuja da ƙafata ba. Ina shirin tafiya sai surukina, Baba Alhaji, mahaifin matata Sa'adatu, ya aiko a kira ni. Mai motocin haya ne tsakanin Rano da Kano, yana da babbar mota kuma da take kai hatsi Abuja. Ya ce, "Malam Nafi'u, me zai kai ka garin da ba ka san kowa ba? Kawo takardun, ina da mutum a can." Bayan sati uku ya sake kirana ya miƙo mini ambulan ɗin a liƙe, ya ce an ce kada a buɗe sai a gaban masu shi. Ina tsugune, takalmana suna bakin ƙofa, na sa hannu biyu na karɓa na yi godiya.

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce me ya hana ni dubawa. A wurinmu mutum ba ya haɗa ido da surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kama sunansa. To ta ina zan fara yage abin da ya liƙe, kamar ina tuhumarsa? Yayana Isyaku ya ce in ɗaga gefe ɗaya in leƙa, ai ba wanda zai sani. Na yi masa wa'azi a kan zato, har da jawo aya.

Murtala ne ya tare ni a filin jirgi. Ɗan Tarai ne, ƙanin wani abokina, yana shekararsa ta uku a jami'ar. Ya sa ni a raksha, wato irin a-daidaitarmu, ya kai ni ɗakin da suke haya su biyar. Suka matsa aka sami wurin na shida. Abincin farko da aka kawo wake ne da aka dama da mai, ana dangwala da burodi. Na ce a raina to, na baƙunta ne. Da safe shi aka kawo, da rana ma shi. Kwana uku na fahimci ba na baƙunta ba ne, na zama ne.

Ranar Lahadi, wadda a can ita ce farkon mako, Murtala ya raka ni ofishin da ake duba shahadodin baƙi. Na sa farar rigata ta salla. Wanda ke kan teburin dattijo ne mai farar jallabiya da gilashi, ana ce masa Ustaz Usman. Sai da ya tambayi lafiyata da ta iyalina da ta Nijeriya gaba ɗaya, sannan ya sa wuƙa ya tsaga ambulan ɗin. Ya zaro shahadar, bai ko kalli gabanta ba, ya juya bayanta. Ya sake juyawa. Ya leƙa cikin ambulan ɗin ko wani abu ya maƙale.

Ya ce, "Ina tausiƙin?"

Na miƙa wuya. Bayan takardar fari fat, kamar yadda na san shi tun ranar da aka ba ni ita. Har ɗan guntun takardar da na rubuta da hannuna, inda na jera sunayen ofisoshi uku don mutumin Baba Alhaji kada ya manta, yana nan a maƙale a inda na maƙala shi. Larabcin da na kwashe shekaru ina koyarwa ya gudu ya bar ni. Murtala ne ya yi magana a madadina.

Ustaz Usman bai yi mini faɗa ba. Ya ce saura kwana arba'in a rufe rajista. In na kawo hatimai kafin nan, gurbina yana nan. In ban kawo ba, akwai mai jira a bayana, kuma ba shi da ikon tsayar da shi.

Muna fita Murtala ya ce, "Malam, akwai ɗalibin da zai tafi Kano ranar Alhamis. A ba shi takardar ya kai wa wani naka, a je Abuja a buga a dawo da ita. Lokaci ya isa, har da ragi."

Na ce sai na ji daga gida. Abin da na ɗauka shi ne mutumin Abuja ne ya cuci Baba Alhaji, ya liƙe masa ambulan ya ce an gama. Har tausayin dattijon na ji, na ce yaya zai ji in ya sami labari. Kuma ba zan iya kiransa kai tsaye da irin wannan magana ba, sai na kira Sa'adatu. Ta yi salati, ta ce za ta je gida ta faɗa wa Baba.

Washegari ta kira. Ta ce Baba ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma kada in kuskura in ba wani takardar ta ɓata a hanya. Mutuminsa zai sa a turo wasiƙa daga Abuja kai tsaye zuwa jami'ar, ita ma ta wadatar. Murtala ya ce shekararsa uku a nan bai taɓa jin wasiƙa ta maye gurbin hatimi ba. Na ce masa Baba Alhaji ya girme mu, kuma ya ce kada a aika. Alhamis ta zo, ɗalibin ya tafi Kano, takardata tana ƙarƙashin matashina.

Daga nan sai zaman jira. Kullum da safe in tafi ofishin in tambaya ko wasiƙa ta zo, Ustaz Usman ya girgiza kai, in fito in zauna gindin wata darbejiya da ke bakin titi. Duk bayan kwana biyu Sa'adatu ta kawo sabon saƙo. Mutumin ya yi tafiya. Mutumin ya dawo amma mai sa hannu ba ya nan. An yi rasuwa a gidan mai sa hannun. Ni kuma in ce mata ta yi wa Baba godiya da ɗawainiya, ta ba shi haƙuri da wahalar da nake ba shi. Har yau in na tuna wannan godiyar sai in ji abinci ya fita a raina.

A gindin darbejiyar nan akwai wata tsohuwa mai sayar da shayi, da kurfotinta da ƴan kujeru na ƙarfe. Kwana huɗu ina zama ban saya ba, don ina lallaɓa guzuri. Rana ta biyar na gama waya da Sa'adatu, sai na ji an ce a bayana, "Ɗana, wane gari?" Da Hausa, Hausa irin ta kakanni, mai nauyi. Na juya na rasa wanda ya yi maganar sai ita.

Sunanta Hajja Kaltume. A nan aka haife ta, a nan aka haifi uwarta. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa zai tafi aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a nan, ya tsaya ya yi noma ya tara na gaba, bai tara ba har ya mutu. Ba ta san sunan garinsu ba, ta dai ji ana cewa akwai duwatsu. Na ce mata Rano ma akwai duwatsu. Ta ce to shi ke nan, ni ɗan'uwanta ne, kada in ƙara zama a gabanta baki a bushe. Tun daga ranar kullum sai ta zuba mini shayi da ƴan fanke uku, in na zaro kuɗi ta harare ni. Takan tambaye ni ko har yanzu ana yin fura a Kano, in ce ana yi, ta ce ita sau ɗaya ta taɓa sha. Ni kuwa a lokacin damina ta sauka a gida. Ina rufe ido sai in ga dawa ta kai gwiwa a Lausu, in ji ƙamshin ƙasa, in ji yaran makarantata sun ɗaga murya da karatun safe.

A nan gindin bishiyar wani da ake ce wa Wakili ya same ni. Bahaushe ne ɗan gida, ya daɗe a Khartoum, ba ɗalibi ba ne ba kuma ɗan kasuwa ba, kullum da jaka a hammata. Ya gaishe ni da "Allah gafarta Malam", ya ce labarina ya iso masa kuma ya hana shi barci. Ya ce hatiman Abuja uku duk suna da ƙanne a nan cikin gari, kwana biyu ya ishe shi. Na san abin da yake nufi sarai. Ni da nake koya wa yara cewa ƙarya haramun ce, na zauna na saurare shi har ƙarshe, domin kwana ashirin sun riga sun tafi.

Da ya matsa gefe, Hajja Kaltume ta ce, "Ɗana, mutumin nan ba na zuba masa shayi. In ka ƙi ji, to kada ka ba shi uwar takardar." Wannan kaɗai na ji daga maganarta. Na ba shi fotokwafi mai kala, na haɗa masa da babban rabo daga guzurina. Kwana biyu kuwa ya cika alkawari, ya kawo ta da hatimai uku reras, da sa hannu, da kwanan wata.

Na kai wa Ustaz Usman. Ya duba, ya cire gilashi, ya dube ni.

Ya ce, "Ya Shaikh, sati uku da suka wuce ni da kaina na ga bayan takardarka babu komai. Wannan hatimin ya ce wata biyu da suka wuce aka buga shi. Wanne zan gaskata, idona ko shi?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya ce wanda ya kawo irin wannan, ƴan sanda ake kira masa. Sai ya yayyaga takardar ƙanana, ya zuba a kwandon shara, ya ce shi bai ga komai ba, ni ma ban kawo komai ba. Ya ƙara da cewa, "Wasiƙar da kake jira babu irinta. Wanda ya ce maka akwai, ko bai sani ba, ko ba ya so ka sani." Wakili kuwa ban sake ganinsa a gindin darbejiya ba.

Ranar na daina jiran Baba Alhaji. Amma samun matafiyi zuwa Kano ya zama aiki, domin ɗalibai duk sun dawo daga hutu, ba mai tafiya. Sai da muka yi kwana tara muna cigiya kafin Hajja Kaltume ta haɗa ni da wata mata mai fataucin turaren wuta. Ita ta kai wa Yaya Isyaku takardar har tashar Rano, ba ta karɓi ko sisi ba.

Yaya Isyaku manomi ne, bai taɓa wuce Zariya ba. Ya bar gonarsa a tsakiyar noma ya hau mota zuwa Abuja, yana kwana a masallaci, yana tambayar masu gadi hanya. Cikin kwana takwas ya gama duka ukun. Mutumin da ko karatun boko bai yi ba. Abin da aka ce mini sai mai hanya, ashe layi ne kawai ake bi.

Da ya kira ya faɗa mini an gama, sai ya ce, "Nafi'u, akwai magana, amma ka riƙe zuciyarka." Kafin ya tafi, ya je wurin Baba Alhaji ya roƙi sunan mutuminsa na Abuja ko zai taimaka masa. Alhaji ya ce ya manta sunan. Da ya fito, direban babbar motar ya bi shi waje ya ce shi dai yana tsoron Allah: takardar nan ba ta taɓa shiga motarsa ba. Sati ukun nan a durowar shagon Alhaji ta yi su. Shi aka aika ya sayo ambulan da salatif a bakin kasuwar Rano, a gabansa aka liƙe.

Na zauna a ƙasa a inda nake tsaye. Da kuɗi ya ci, da na fahimta, amma bai karɓi komai a hannuna ba, har cewa ya yi shi zai biya kuɗin hatimin. Mutumin da na ɗauka uba. Na yi ta juya abin ina neman laifin da na yi masa, ban samu ba.

Takardar ta iso hannuna kwana shida bayan an rufe rajista. Na kai ta duk da haka. Ustaz Usman ya shafa hatiman da yatsa ya ce waɗannan su ne na gaskiya. Ya shiga ciki da ita ya daɗe, ya fito ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, an riga an ba wani. Ya riƙe hannuna har bakin ƙofa. Na tambaye shi baɗi fa, ya ce ai na san shekaruna.

Wata huɗu na ƙara a Khartoum, don tikitin zuwa kawai na yanka. Hajja Kaltume ta kai ni unguwarsu ta Hausawa a bayan gari, aka tara mini yara ina koya musu karatu, ana ba ni abinci da abin da ya samu. Da safe ina ganin su Murtala suna ɗaukar littattafai suna fita, in juya fuska bango kamar ina barci. Da mutanen unguwar suka ga na ƙosa, suka yi karo-karo bayan sallar Juma'a suka cika mini kuɗin jirgi. Hajja Kaltume ta ce in na isa in sha fura in sa mata albarka. Tun da yaƙin nan ya tashi ban sake jin ɗuriyarta ba.

Wanda ya dawo daga tafiya, washegari gidan surukai yake fara zuwa gaisuwa. A hanya na tsara maganganu iri-iri. Da na isa ƙofar zauren, ƙafata da kanta ta tuɓe takalmi. Na tsuguna, na sunkuyar da kai.

Baba Alhaji ya ce, "Malam Nafi'u, an dawo lafiya? To, haka Allah ya so. Wani abin in bai yiwu ba, alheri ne. Ga iyalinka, ga makarantarka."

Na ji bakina yana cewa, "Haka ne, Baba. An gode da ɗawainiya."

Ya sa aka kawo mini buhun shinkafa aka ɗora a babur. Na karɓa da godiya, domin ba a mayar wa suruki kyauta.

Da na koma gida, yara sun tafi islamiyya, Sa'adatu tana tsakar gida da tsohon ciki tana tsince shinkafar tuwo. Wata huɗu da wani abu ina ɗauke da tambaya ɗaya, kuma ita kaɗai ce a gidansu zan iya yi wa. Na zauna a kan turmi na ce, "Me na yi wa Baba?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba ka yi masa komai ba, Malam. Ni na roƙe shi."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta ajiye faifan. Ta ce da maganar tafiyar ta taso na yi shawara da malamina, na yi da Yaya Isyaku, na yi da limamin unguwa, ita kuwa a bakin matar maƙwabci ta fara ji. Shekara huɗu, ga yara uku, ga tsohuwata ba lafiya, ga ciki wata biyu da ban ma lura da shi ba. Ta je ta yi wa babanta kuka. Shi ya ce ta bar masa, za a juyo da ni tun daga filin jirgin Kano, ba wanda zai ji kunya. Da ba a juyo da ni ba, suka ce to sati ɗaya zan yi in dawo.

Na ce, "Saƙonnin da kike ba ni fa? Mai sa hannu, da rasuwar?"

Ta ce, "Wasu Baba ne. Wasu ni ce."

Na tuna yadda nake tsayawa a rana da waya a kunne, ina jin muryarta ina samun sanyi, ina cewa duk duniya ita kaɗai ta san halin da nake ciki. Ashe ta sani fiye da yadda nake zato. Cutar Wakili ba ta kai ko'ina ba, shi ban san shi ba, bai san ni ba. Wannan kuwa ta ci ni har ƙashi, kuma ba zan ce ta warke ba.

Na ce, "Sa'adatu, ai da kin buɗe baki kin ce kada in tafi, da ban tafi ba."

Sai a lokacin ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Da ka tafi, Malam. Da ka jawo mini aya, ka tafi."